Yadda zaka zaga Lisbon ba tare da ƙafarka ta kumbura ba

In ka samu hali kana son ka leƙa Turai yawon buɗe ido, kuma baka son garin da sanyi zai hanaka sakat ko tsada ta cinye maka aljihu tun a kwana biyun farko, to ka duba Lisbon, babban birnin Fotugal. Gari ne a bakin kogin Tejo, daidai inda kogin yake buɗewa ya shiga tekun Atlantika, kuma tsoho ne na gaske, Rumawa sun zauna shi, Musulmi sun mulke shi sama da shekara 400. Amma abu ɗaya zan faɗa maka tun yanzu wanda duk sauran bayanin nan a kansa ya rataya: garin nan tudu ne. Ana ce masa mai tuddai bakwai, kuma ba wasa bane, titi ne zaka ga a taswira kamar taku ɗari amma in ka iso ka tarar matakala ce a tsaye. Don haka ka'idar ita ce ka hau da mota ka sauko da ƙafa, kuma kowace rana ka bata unguwa ɗaya kawai.

Maganar biza tukunna

Fotugal tana cikin ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da biza ɗaya take shiga dakai dukkansu, to bizar gajeren zama zaka nema, wacce take baka dama har kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun 2024, banda abun da kamfanin karɓar takardu zai caja. Fotugal tana da ofishin jakadanci a Abuja, ka shiga shafinsu ka ga inda ake kai takardu a yanzu, kar ka dogara da ejan ɗin da zai ce maka yana da hanya a ciki. Ana iya neman bizar tun saura wata 6 tafiya, kuma gaskiya gara ka fara da wuri saboda samun ranar ganawa ma kanta aiki ne, amsa kuma yawanci kwana 15 amma tana iya kaiwa 45.

Fasfonka ya zama yana da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da zaka baro Turai, da shafi biyu da ba'a buga komai ba. Sai inshorar lafiya ta tafiya da zata ɗauki nauyin aƙalla yuro 30,000, da shaidar otal, da shaidar tikitin zuwa da dawowa, da bayanan asusun banki. Abun da suke nema a takardun nan shine su ga kana da abun da zai dawo dakai gida, aiki ko kasuwanci ko iyali. Kuɗin da aka zuba maka a akawun jiya don a nuna yau, suna ganewa. Sannan in zaka haɗa ƙasashe biyu ko uku, ƙasar da zaka fi daɗewa ita zaka nemi bizarta, kar ka karɓi ta Fotugal ka je ka tare a Faransa.

Jirgi kuma, daga Legas ko Abuja ko Yamai, mafi sauƙi shine ka bi ta Kasabalanka da Royal Air Maroc ko ta Istanbul da Turkish Airlines. Ta Moroko tafi kusa nesa ba kusa ba, daga Kasabalanka zuwa Lisbon bai kai awa biyu ba.

Wane lokaci, kuma ina zaka sauka

Afirilu zuwa farkon Yuni, ko Satumba da Oktoba. Yuli da Agusta akwai zafi, ba wai zafin zai dame mu ba, amma cunkoso da tsadar otal zasu dameka. Damunarsu a lokacin sanyi take, Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma ruwa a Lisbon matsala ce ta daban saboda daɓen titunan: ƙananan duwatsu ne farare da baƙaƙe da aka jera da hannu, gwanin kyau, amma tafiyar mutane ta goge su sun yi sulɓi, in suka jiƙe a gangare sai ka ga babban mutum ya zauna ba shiri. Takalmi mai ƙasan roba mai kama ƙasa, wannan ba shawara bace, dole ne. Hajiya, a bar mai tsinin nan a gida. A saka rigar sanyi mara nauyi a jaka ko da bazara ne, iskar teku tana kaɗawa da yamma.

In ka zo a tsakiyar Yuni zaka faɗa cikin bikin Santo António, daren 12 ga wata wayewar 13, duk lungunan tsohuwar unguwar Alfama hayaƙin gasa kifin sadin ne da kiɗa har asuba. Wani zai so, wani kuma bazai runtsa ba.

Masauki: ka nemi wuri a kan layin kore na metiro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, irin su Alameda, Arroios, Anjos, ko kuma Baixa in aljihu zai ɗauka, don Baixa ce kawai shimfiɗaɗɗiyar unguwa a tsakiyar gari. Alfama tana da kyau a hoto amma ka tuna akwatinka, yawancin tsofaffin gidajen basu da lifta kuma mota bata shiga wasu lungunan. Bairro Alto kuma unguwar mashaya ce, da dare ba'a barci. Akwai harajin baƙi da otal zai karɓa, yuro 4 kowane dare kan mutum ɗaya har zuwa dare 7, kar ka zaci cuta ce. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayye, mutanen Nijar nasu zai shiga, mu na Najeriya sai da adafta.

Ranar sauka

Filin jirgin Humberto Delgado a cikin gari yake, abun daɗi kenan. Bayan shige da fice, inda yanzu ake ɗaukar hoto da zanen yatsu, ka bi alamar metiro. A na'urar tikiti ka sayi katin navegante, ɗan kati ne na takarda mai kauri da ake sayarwa santi 50, kowa da nasa, mutum biyu basa amfani da ɗaya. Sai ka zaɓi abun da zaka saka masa: ko ka zuba kuɗi ana cira duk shiga, wanda suke kira zapping, ko ka sayi na awa 24 da zai baka metiro da bas da taram, wato ƙaramin jirgin da yake bin titi, iya son ranka. Ranar da zaka yi hawa da sauka sosai na awa 24 ɗin yafi. Biya a hannun direban taram shine mafi tsada, kusan ninki.

Layin ja ne yake fitowa daga filin jirgi, ka sauka a Alameda ka canza zuwa kore in tsakiyar gari zaka. Layuka huɗu ne kawai, shuɗi, rawaya, kore, ja, ba abun ruɗewa. Metiron yana aiki daga 6:30 na safe zuwa ƙarfe 1 na dare. In kaya sun yi yawa, Bolt da Uber duk suna aiki. Kuɗi kuwa ka cira a ATM mai alamar Multibanco, in ya tambayeka ko ya canza maka da farashinsa kace a'a, a cira da yuro kawai. Ka riƙe ɗan tsabar kuɗi, wasu ƙananan shaguna basa karɓar katin waje. Ruwan famfo ana sha.

Rana ta farko: Baixa, don ka gane garin

Ka fara daga Praça do Comércio, babban filin nan da yake buɗe ga kogi, gine-gine masu rawayan fenti sun zagaye shi ta ɓangare uku. A nan fadar sarki take kafin safiyar 1 ga Nuwamba 1755, ranar da girgizar ƙasa ta ruguza garin, sannan igiyar ruwa ta taso ta kwashe waɗanda suka gudo bakin kogi neman tsira, sannan gobara ta ci kwana da kwanaki. Dubban mutane ne suka mutu. Wanda ya sake gina unguwar shine Marquês de Pombal, babban ministan sarki, shi ya ja titunan a miƙe kamar da rula, aka saka wa gidajen katako a cikin bango yadda zasu jure girgiza. Shi yasa in ka shige ta ƙarƙashin babbar ƙofar Rua Augusta zaka ga komai a tsare, amma da ka ɗan hau Alfama sai ka ga lungu ya murɗe ya koma ya sake murɗewa, ita ce girgizar bata shafe ba.

Ka bi Rua Augusta har dandalin Rossio. Kar ka ci abinci a titin nan, masu tsayawa da takardar abinci mai hotuna suna kiranka, tsada ne ba daɗi. Zaka kuma haɗu da samari masu raɗa maka wai suna da kayan maye, ka wuce abunka ko kallo kar ka yi. Daga gefen Rossio akwai Largo de São Domingos, inda zaka ga 'yan uwanmu baƙar fata musamman 'yan Gini Bisau suna zaune suna hira, wasu da hula da doguwar riga, wasu mata suna sayar da goro da ɗan kayan gida. Zaman Afirkawa a garin nan ba na jiya bane, a tsakiyar ƙarni na 16 kusan mutum ɗaya cikin goma na mazauna Lisbon bayi ne da aka kwaso.

Daga nan ka hau Chiado ka ga cocin Carmo, wanda tun girgizar nan ba'a mayar masa da rufi ba, bakunan dutse ne kawai tsaye da sama a bisansu. Mutane suna bin dogon layi don hawa liftan ƙarfe na Santa Justa na 1902, ni dai ban ga dalili ba, in ka shiga tashar metiro ta Baixa-Chiado matakala mai tafiya da kanta zata fito dakai saman Chiado. Shi liftan da ƙananan jiragen hawa tudu kuma, tun hatsarin na Glória a Satumba 2025 da mutum 16 suka rasu, sai ka duba ko suna aiki kafin ka saka su a lissafi.

Rana ta biyu: ganuwa, Alfama da Mouraria

Wannan ce ranar da nafi so a yi a hankali. Kowa zai ce maka ka hau taram mai lamba 28, wannan ƙaramin jirgin mai rawaya da kujerun katako da yake kutsawa lungu har kana iya taɓa bango ta taga. Eh ka hau, amma ko dai tun kafin ƙarfe 8 na safe daga Martim Moniz, ko ka je ɗaya ƙarshen a Campo de Ourique ka shigo daga can. Da rana layin Martim Moniz zai ci maka awa guda a tsaye, kuma a cikin cunkoson ne 'yan sane suke sana'arsu. Waya a aljihun gaba, jaka a ƙirji, fasfo a otal ka riƙe kwafi.

Ka sauka a Graça, ka taka zuwa Senhora do Monte, ɗaya daga cikin wuraren kallo mafi tsayi, kamar ka hau Dala ka hango Kano, sai dai nan jajayen rufi ne har bakin ruwa da gadar 25 de Abril can nesa. Daga nan duk tafiyarka gangara ce. In kuma ganuwar São Jorge kake so kai tsaye, bas 737 daga Praça da Figueira zai ajiyeka kusa da ƙofa, akwai ma lifta biyu na kyauta, ɗaya a Rua dos Fanqueiros ɗaya a Chão do Loureiro, da zasu rage maka rabin hawan. Ka sayi tikitin ganuwar ta intanet kafin ka iso.

Ganuwar nan ita ce zuciyar garin a zamanin Musulmi, lokacin ana kiransa al-Ushbuna. Sun riƙe shi daga farkon ƙarni na 8 har 1147, lokacin da Afonso Henriques, sarkin Fotugal na farko, ya ci garin bayan ƙawanya ta wata da watanni, da taimakon mayaƙan 'yan salibi da suka biyo ta teku. A cikin ganuwar akwai wurin haƙa inda zaka ga tushen gidajen Musulmin ƙarni na 11, mutane da yawa suna wucewa basu kula ba don hoto suka zo ɗauka. Musulmin da suka rage bayan cin garin an tattara su a gefen tudun ta arewa, unguwar da har yau ake kira Mouraria, suka zauna nan har sarki Manuel na ɗaya ya ba da umarnin korar Musulmi da Yahudawa a 1496.

Sauka ta Alfama ba'a yinta da taswira. Ka bi duk matakalar da ta nufi ƙasa, zaka fito bakin kogi ko ta yaya. Shanya a tagogi, tsohuwa a bakin ƙofa tana kallon masu wucewa, bango duk tayil mai zanen shuɗi. Ka tsaya a Portas do Sol da Santa Luzia, sannan babban cocin Sé da aka fara ginawa a shekarar da aka ci garin. In ranar Talata ce ko Asabar, ka ratsa ta Campo de Santa Clara akwai kasuwar gwanjo ta Feira da Ladra, ana ciniki amma ba irin namu na raba kuɗi biyu ba. Waƙar gargajiyarsu ta fado ma a unguwannin nan ta samo asali, sai dai yawanci a gidajen cin abinci masu giya ake yinta da dare, wanda baya son zaman akwai gidan tarihinta a ƙasan Alfama.

Abinci da sallah

Anan sai ka buɗe ido, don mutanen nan da naman alade kamar me. Kalmomin da zaka haddace: porco, presunto, chouriço, bacon, da banha wato kitsensa. Burodi da nama da ake kira bifana alade ne. Miyar ganye ta caldo verde kamar ba komai amma ana jefa mata yankan chouriço. Wasu girkin kifi da na kayan teku ana zuba musu giya, vinho, ka tambaya. Ɗan jan abun sha da ake sayarwa a ƙananan kofuna kusa da Rossio, ginjinha, giya ce.

Mafita ita ce gasasshen kifi, peixe grelhado, da dankali da ganye, kusan ko'ina akwai kuma sun iya. Sai bacalhau, busasshen kifi mai gishiri da suke sarrafawa kala-kala, ka gwada bacalhau à Brás, ana haɗa shi da ƙwai da siraran soyayyen dankali da albasa. In kuma nama kake so na halal, ka nufi Rua do Benformoso daga Martim Moniz zuwa Intendente, titi ne na 'yan Bangladash da Pakistan, biryani da kaza da mahauta, kuma da arha. Sannan ka sani, burodi da zaitun da cuku da za'a ajiye maka a tebur tun baka yi oda ba, ba kyauta bane, abun da ka taɓa zai fito a takardar kuɗi. In baka so kace a ɗauke, ba wanda zai ji haushi.

Babban masallacin Lisbon yana kusa da Praça de Espanha a layin shuɗi, an buɗe shi 1985, nan zaka je Juma'a ka ga 'yan Gini Bisau da Mozambik da Asiya sahu ɗaya. Akwai ƙananan masallatai a Mouraria don sallolin rana. Daga masallacin zuwa gidan tarihi na Gulbenkian tafiyar ƙafa ce, suna da dardumai da tayil da fitilun masallaci na gilashi daga ƙasashen Musulmi. A Yuni magariba tana kaiwa ƙarfe 9, ka saka manhajar lokutan sallah. Agogonsu da bazara daidai yake da na Najeriya da Nijar, da sanyi suna baya da awa ɗaya.

Rana ta uku: Belém

Kar ka saka ta ranar Litinin, manyan wuraren a rufe suke. Jirgin ƙasa zuwa unguwar daga tashar Cais do Sodré 'yan mintuna ne, yafi taram 15 da kullum a cike yake. Ka isa da sassafe ka fara da Jerónimos, katafaren gidan ibadar da aka fara ginawa 1501, dutse ne aka sassaƙa shi da igiyoyin jirgi da ganyaye kamar ba dutse ba, kabarin Vasco da Gama yana ciki daga shiga. Daga bakin ruwan nan ya tashi a 1497 ya zagaye Afirka ya isa Indiya a 1498. Sai hasumiyar Belém a bakin kogi, wacce daga waje tafi kyau, cikinta matsattsiyar matakala ce da jira. Akwai kuma babban gunkin tunawa da matuƙan jiragen ruwa, wanda aka gina a 1960, da taswirar duniya a daɓen gabansa.

Ka tsaya kan taswirar nan ka nemo gaɓar Afirka ta Yamma. Su mutanen Fotugal suna kiran zamanin na gano ƙasashe, amma jiragen nan ne suka buɗe cinikin bayi ta teku, tun 1444 aka sauke ɗaruruwan mutane aka raba su a garin Lagos na kudancin Fotugal, kuma Turawan Fotugal ɗin ne suka raɗa wa Legas ɗinmu suna. Allunan wurin basu cika faɗin wannan ɓangaren ba.

Kafin ka tafi ka shiga Pastéis de Belém, tun 1837 suke gasa wannan ɗan kek ɗin mai ƙwai da madara, ɓawonsa ƙarau-ƙarau samansa ya ɗan ƙone. Dogon layin waje na masu saye su tafi ne, ka shige ciki akwai ɗakuna da yawa na zama. A barbaɗa kirfa, a ci da zafi.

In da sauran kwana

Garin Sintra, jirgin ƙasa daga tashar Rossio kamar minti 40. Ka tafi da jirgin farko-farko, ka sayi tikitin fadar Pena mai lokaci tun kafin ranar, daga tasha ka hau bas 434 don tudun ba na ƙafa bane. Kusa da Pena akwai ganuwar Musulmi ta ƙarni na 8 zuwa 9 da take bin ƙoƙuwar dutse, ni a wajena tafi fadar, kuma mutane basu kai yawan na can ba. Sintra tafi Lisbon sanyi da hazo ko a Agusta. Wurare biyu sun isheka a rana, mai son uku gudu zai yi ta yi.

Masu yara su nufi Parque das Nações a layin ja, tashar Oriente, akwai katafaren gidan kifaye da aka gina don baje kolin duniya na 1998, kuma wurin a shimfiɗe yake, keken jariri zai tafi lafiya. Cascais kuma ƙarshen layin jirgin da ya wuce ta Belém ne, bakin teku, amma ruwan sanyi ne dashi kamar ƙanƙara ko ana tsakar zafi.

Yammacin ƙarshe kuma ka koma Cais do Sodré ka shiga jirgin ruwan da ma'aikata suke hawa zuwa Cacilhas, minti 10 ne kuma kuɗin zapping ɗin katinka zai biya. Daga tsallaken ne zaka ga duk tuddan da ka sha hawa a jere, akwai gidajen gasa kifi nan kusa da tasha. Ka duba lokacin jirgin dawowa tun kana sauka, kuma ranar tafiya gida ka isa filin jirgi da awa uku a hannu, layin duba fasfo na masu fita daga Shengen yana da tsawo. Lambar gaggawa 112 ce.